Ajin KG a Nima da Maamobi: masu shiga, masu koyarwa da harshen da ake yi a aji

A Ghana, yaro ɗan shekara 4 yana da gurbi a makarantar gwamnati, kuma doka ce ta ba shi. Ajin da yake fara shiga ana ce masa KG, wato ajin share fagen firamare, irin wanda ake kira jardan a Nijar, nazare a Najeriya. Shekara biyu ake yi a cikinsa, KG1 da KG2, sannan yaro ya wuce aji ɗaya na firamare yana ɗan shekara 6. Wannan bayani ya duba yadda lamarin yake a Nima da Maamobi, unguwannin zango biyu da ke maƙwabtaka da juna a tsakiyar Accra, birnin da dattawan zango ke kira Ankara.

Abin da doka ta tanada

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce ilimin tushe kyauta ne, tilas ne, kuma na kowa ne. Sai dai a farko wannan alkawari daga firamare ya fara. Ajin ƙananan yara yana hannun coci-coci, da ƙungiyoyi, da masu makarantun kuɗi, wanda iyayensa ke da hali ya shiga, wanda ba su da shi ya jira. Sauyin tsarin ilimi na 2007, zamanin shugaba John Kufuor, shi ne ya shigar da shekara biyu na KG cikin ilimin tushe, dokar ilimi ta 2008 mai lamba 778 kuma ta tabbatar da haka. Ilimin tushe ya koma shekara 11: biyu a KG, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ghana na cikin ƙasashen farko a kudu da Sahara da suka yi wannan. Idan aka gwada da Najeriya, shekara ɗaya ce ta share fage aka sa cikin manufar ilimi ta ƙasa.

Abubuwa biyu da aka soma a 2005 su suka fi cika azuzuwan da yara. Na farko kuɗin da gwamnati ke bai wa makaranta a kan kowane ɗalibi, a madadin kuɗin da iyaye ke biya. Da sidi 3 aka fara a shekara, an kuma ƙara shi sau da dama tun lokacin. Na biyu shirin ciyar da ɗalibai abincin rana. Hukumar Ilimi ta Ghana, wadda kowa ya sani da GES, ita ke ɗaukar malamai, ta tura su, ta kuma sa ido kan makarantun. Yaron da bai kai shekara 4 ba kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Gidajen renon irinsu suna ƙarƙashin sashen jin daɗin jama'a, kuma yawanci na kuɗi ne. Wannan iyaka ta shekara 4 za mu sake haɗuwa da ita a gaba, domin a nan ne doka da rayuwar uwa mai talla suke karo.

Unguwar da ba ta da fili

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga wani gidan Gaawa na Osu, ya sauki baƙi. Musulmin unguwar sukan ce sunan daga ni'ima ya fito. Bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin ƙasar, da Nijar, da Mali, da Burkina Faso ta yau, da Togo, da arewacin Najeriya. Gidaje suka cushe ba tare da an ware filayen makarantu ko na wasa ba. Babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ita ce alamar da baƙo ke fara riƙewa.

A 2018 aka yanke sababbin ƙananan hukumomi daga cikin hukumar birnin Accra. Nima ta zama hedikwatar Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta faɗa cikin Ayawaso ta Arewa mai hedikwata a Accra Newtown. Kowace tana da ofishin iliminta, kuma ƙaramar hukuma ce ke da alhakin gina azuzuwa da gyara su. Matsalar ita ce ko kuɗi ya samu, filin ginin babu. Shi ya sa makarantun gwamnati na yankin suke a dunƙule, makarantu da yawa cikin harabar guda, kamar rukunin makarantun Nima da na Kanda. A da ana raba yara kashi biyu, na safe da na rana, har hukumar birnin ta soke wannan tsari a 2010. Sokewar ta yi kyau ta fuskar lokacin karatu, amma yaran da ke zama bi da bi sun koma zama tare, a ɗakunan da ba su ƙaru yadda ya kamata ba.

Ga babban yaro, makaranta mai nisa kuɗin mota ce kawai. Ga ɗan shekara 4, tsallaka babban titin Nima ko na Kanda sai da mai riƙe masa hannu safe da rana. Uwar da ta fito tun asuba da tukunyar koko da ƙosai, ko ta ɗora shinkafa da wake, wanda sauran 'yan Ghana suka ara suka mayar waakye, ba ta da wannan lokaci. Don haka nisan makaranta da gida yakan rinjayi batun kyauta ko kuɗi.

Ƙofofi uku

Iyaye a zango suna da zaɓi iri uku, kuma wanda bai fahimci bambancinsu ba ba zai gane alƙaluman rajista ba.

Akwai makarantun gwamnati zalla, na ƙaramar hukuma. Akwai makarantun Islamiyya da gwamnati ta rungume, waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa cikin GES a 1987. Da yawansu daga makarantun malaman unguwa suka taso. A Ghana kalmar makaranta ita kanta ta shiga Turancin ƙasar da ma'anar makarantar Alƙur'ani, idan ana nufin boko sai a ce sukuu. Yarjejeniyar ita ce mai makaranta ya yarda a koyar da manhajar gwamnati, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su, a ci gaba da Larabci da addini a gefe. Waɗannan makarantu na gwamnati ne a lissafi, kuma su ne suka janyo iyaye da yawa da kakanninsu suka guji boko don tsoron makarantun mishan. Albashin malaman Larabci dai ya daɗe yana zama abin kai-kawo tsakanin al'umma da gwamnatoci.

Ƙofa ta uku ita ce ƙananan makarantun kuɗi, waɗanda ake samu a lungu-lungu, wani lokaci cikin ɗakunan gidan haya. Suna karɓar yaro tun yana ɗan shekara 2, suna riƙe shi har la'asar, wasu ma kullum ake biyan kuɗinsu, abin da ya dace da mai cinikin yini. Yaron da ya fara a can da wuya a cire shi idan ya kai 4. Ke nan makarantar gwamnati tana asarar yara tun kafin su kai shekarun shigarta. Waɗanda suka rage mata su ne 'ya'yan marasa ƙarfi sosai, da na baƙin da ba su daɗe da sauka ba, da waɗanda kuɗin makarantar kuɗi ya gagari iyayensu a tsakiyar shekara.

Shekarun yaro da takardarsa

A takarda, KG1 na 'yan shekara 4 ne, KG2 na 'yan 5. A aji kuwa sai ka ga ɗan shekara 3 da aka ƙara wa shekara don uwa ta samu ta fita kasuwa, ga kuma ɗan shekara 7 da ya fara da allo, ko aka kawo shi daga ƙauye wurin gwaggonsa. Wannan ba matsalar zango kaɗai ba ce, ta ƙasa baki ɗaya ce, har GES ta yi ta gangamin a kai yara a kan shekarunsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abin da tazarar shekara huɗu ke nufi a wannan mataki: ɗaya bai iya riƙe fensir ba, ɗayan ya gaji da waƙa yana neman wanda zai tsokana.

Lokacin rajista akan nemi takardar haihuwa, ko littafin awo na asibiti wanda ke ɗauke da ranar haihuwa da allurar rigakafi. Rajistar haihuwa kyauta ce a cikin shekarar farko ta jariri, bayan nan sai da kuɗi da zirga-zirga. Batun takarda a zango yana da tsohon tabo. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin korar baƙi marasa takardun zama, dubban mutane suka bar ƙasar cikin makonni, zanguna suka girgiza. Har yau mutumin da aka haifi kakansa a Nima yakan gamu da tambayar daga ina ya fito idan sunansa ya yi kama da na Hausa, ko Fulani, ko Zabarmawa. Irin wannan tarihi yakan sa wasu iyaye su yi nesa da duk ofishin da ke tambayar asali. Abin da ya kamata su riƙe shi ne, makarantar gwamnati wurin ɗaukar yara ce, kuma idan shugaban makaranta ya ce babu gurbi, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne wurin da za a kai maganar.

Kyauta kuma ba ta nufin babu kashe kuɗi. Akwai yunifom, da takalmi, da jaka, da littattafan rubutu, da abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta yanke. Ciyarwa ba kowace makaranta ta shafa ba, inda ta shafa ma masu dafa abincin sun sha ajiye aiki saboda jinkirin biya. Shekaru da dama pesewa 97 ake ba su a kan kowane yaro a rana, bai kai sidi ɗaya ba, kafin a ƙara.

Masu koyarwa

Mafi yawan masu koyar da KG mata ne. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu, da fanni na musamman kan ƙananan yara, kuma a shekarar aka fara jarrabawar lasisin koyarwa ƙarƙashin majalisar malamai ta ƙasa. A Accra akwai kuma tsohuwar cibiyar horar da malaman nazare ta ƙasa, mai ba da gajeren horo. A 2019 aka shigo da sabuwar manhaja wadda ta dogara kan koyo ta hanyar wasa, da labari, da waƙa, da kusurwoyin aiki a cikin aji.

Accra ba ta fama da ƙarancin malamai irin na ƙauyukan arewa, domin kowa birni yake so a tura shi. Damuwarta daban ce. An daɗe ana kallon KG a matsayin ajin da ake ajiye malamar da ta kusa ritaya ko wadda aka horar don manyan azuzuwa, kamar dai kula da yara arba'in masu shekara 4 hutu ne. Ajin yana buƙatar mutum biyu, malama da mataimakiya, don kuwa idan ɗaya ta raka yaro bayan gida dole a sami mai tsaron sauran. Inda babu mataimakiya ta dindindin, akan cike gurbin da masu hidimar ƙasa, waɗanda shekara guda suke yi su tafi, ko da wata 'yar unguwa da iyaye ke haɗa wa ɗan alawus.

Akwai wani bincike da ya cancanci iyaye su ji labarinsa. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, masana da suka haɗa da Sharon Wolf, da Lawrence Aber, da Jere Behrman sun gwada wani shirin horar da malaman KG a makarantu 240, na gwamnati da na kuɗi, a gundumomi shida na yankin Accra. Ba a Nima aka yi ba, amma a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ne. Horon ya gyara yadda malamai ke tafiyar da aji, ya rage musu gajiya da aikin, yara kuma sun ƙaru. Abin mamakin shi ne, a makarantun da aka haɗa da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yara suka samu ta zube. Ɗaya daga cikin bayanan da aka bayar shi ne iyaye da yawa ba su gamsu da karatun wasa ba. Wannan ba zai ba malamin zango mamaki ba. Uban da ya tashi da hadda da bulala, idan ya leƙo ya ga ɗansa yana jera marafan kwalba, abin da zai fara tambaya shi ne ina aikin gida. A ganina kuskure ne a ɗauki wannan uba a matsayin jahili. Ya san hadda tana aiki, domin da ita ya sauke Alƙur'ani. Abin da ba a nuna masa ba shi ne cewa jera marafan nan lissafi ne.

Aji ɗaya, harsuna goma

Ajin KG a Nima ƙaramar Afirka ta Yamma ce. Akwai 'ya'yan Hausawa, da Fulani, da Zabarmawa, da Kotokoli, da Wangarawa, da Mosawa, da Busanga, da Dagomba, da Frafra, da Kusasi, da Yarabawa, ga kuma Gaawa, da Ewe, da Akan. Musulmi ne suka fi yawa, amma Kirista ba su da kaɗan, musamman ta ɓangaren Maamobi. Wasu iyayen ta Faransanci suka yi boko a Lome, ko Yamai, ko Wagadugu, ba sa iya karanta takardar da aka aiko daga makaranta da Turanci. Tun 2015 kuma ƙasar tana da manufar shigar da yara masu naƙasa cikin azuzuwan kowa da kowa, ko da yake matakala da cunkoso kan hana ta aiki.

Wanda ya ji wannan jeri zai zaci yaran ba sa fahimtar juna. Suna fahimta sarai, domin unguwar ta riga ta warware wa kanta wannan matsala tun tuni. Hausa ce harshen lungu, da kasuwar Laraba, da masallaci, da filin ƙwallo. Yaron da uwarsa ke masa Kotokoli a ɗaki, da ya fito tsakar gida Hausa zai yi. Da yawa daga cikin masu jin Hausa a zango ba Hausawa ba ne ta jini, kuma wannan ne ƙarfin harshen.

Sai dai manufar harshe ta makarantun Ghana ba ta san da ita ba. Ƙasar ta sha juyawa tsakanin Turanci da harshen gida: a 2002 aka koma Turanci zalla, a 2007 aka dawo da harshen gida a azuzuwan farko, daga baya shirin NALAP ya samar da littattafai daga KG1 zuwa aji uku a harsuna 11. Su ne Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagaare da Kasem. Babu Hausa. A makarantun gwamnati na Accra, harshen gida da aka fi sanyawa shi ne Ga, na masu ƙasar. Malamar da aka turo kuma tana iya zama Ba'ashantiya ko 'yar Ewe wadda ba ta jin Ga, balle Hausa. Sakamakon shi ne ɗan shekara 4 ya zo da Hausa da harshen uwarsa, jadawali ya ce Ga, malama ta fi sakewa da Twi, allo kuma Turanci yake ɗauke da shi.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a koma Turanci, a riƙa maimaitawa da ƙarfi. Yara su haddace haruffa da waƙoƙi, iyaye su ji daɗi, amma a ce yaro ya ba da labarin abin da ya gani a hanya sai ya yi shiru. Gyaran da ake samu ba a rubuce yake ba: mataimakiya 'yar unguwa tana fassara, ko wata yarinya mai wayo ta zama tafintar aji, ko malama mai himma ta koyi zauna, da tashi, da zo nan, da me ya same ka. A nan ne batun ɗaukar ma'aikata da na bambancin yara suka zama abu ɗaya. Mutumin da ya fi amfani ga yaro a makonninsa na farko sau da yawa shi ne wanda ba ya cikin jerin masu albashi.

Dalilin barin Hausa a waje sananne ne: ana kallonta a matsayin harshen baƙi. Amma ta daɗe a ƙasar. Fataken goro sun kai ta Salaga tun kafin zuwan Turawa, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi rubuce-rubuce da ita cikin ajami, kuma gidan rediyon gwamnati ya shafe shekaru da dama yana labarai da ita. Gwamnati tana magana da uba da Hausa ta rediyo, amma ba ta magana da ɗansa da ita a aji. Gaskiya ne kuma cewa ba duka iyayen zango ne ke son a koyar da Hausa ba. Wasu na ganin Turanci ne ya kawo su makaranta, Hausa ai tana gida. Wasu ƙabilun zango kuma ba sa so a ƙara lulluɓe su da sunan Hausawa. Ko da an amince ma, ba za a ɗauko littattafan Kano ko na Damagaram a raba haka nan ba. Hausar Ghana, wadda masana ke kira Gaananci, ta sauƙaƙa bambancin namiji da mace a nahawu, haruffa masu ƙugiya ba su fita a bakin yawancin masu ita, kuma ta ari kalmomi daga Twi, da Ga, da Turanci. Littafin ɗan KG dole ya yi kama da maganar da yake ji.

Masu karatu a Nijar za su tuna cewa ƙasarsu ta fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana ta harshen ƙasa. Wannan gata ne na masu rinjaye. Halin da Nima ke ciki ya fi kama da na Briketeri a Yawunde, ko zangon Lome, ko unguwannin Hausawa a Abijan, inda harshen yake da rai a kasuwa amma ba shi da kujera a ma'aikatar ilimi.

Akwai ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa. Asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017 yana da ilimi cikin ayyukansa, ko da yake ma'aikatar da aka buɗe don zanguna a shekarar an rufe ta a 2021. Kwalejin Al-Faruq da ke Wenchi, ta Musulmi ce mai horar da malamai, kuma tana cikin kwalejojin gwamnati. Ɗakin karatu na al'ummar Nima da Maamobi, wanda asusun Kathy Knowles 'yar Kanada ya taimaka aka kafa, ya daɗe yana karɓar ƙananan yara bayan an tashi makaranta. A watan Oktoba na 2025 kuma ministan ilimi Haruna Iddrisu ya umarci GES ta tabbatar ana koyarwa da harshen uwa, daga baya ma'aikatar ta fayyace cewa daga KG zuwa aji uku ake nufi. Ga makarantun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, aiwatar da wannan umarni zai fara ne da tantance harshen da za a kira na uwa a ajin da yawancin yaransa Hausa suke yi da juna, da kuma nemo malaman da ke jin sa.